Mai Cajin Waya a Kasuwar Bodija

Tun da aka buɗe Kasuwar Bodija ta Ibadan a 1987, motocin wake da albasa da masara daga Arewa ba su daina sauke kaya a cikinta ba. A gefen wannan hada-hada akwai sana'ar da ba ta da buhu ko mudu, wato cajin waya. Jarinta ɗan janareta ne, da allon katako mai jerin soket, da caja iri-iri. Ɗan dako zai miƙa wayarsa, a manna mata lamba, a ba shi irinta ya riƙe, ya koma bakin aiki.

Da can, tura waƙoƙi da finafinai da karatun malamai ne ƙarin cinikin. Yanzu aikin ya faɗaɗa. A Yunin 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin fara rajista ta intanet. Wanda ya yanki katinsa a Katsina ko Sakkwato, amma yake kwana a unguwar Sabo, ba zai jefa ƙuri'a a Ibadan ba sai an sauya masa rumfa. Idan bai yi boko ba, wa zai cike masa fom a shafin? Mai caji ne ke da babbar waya, da data, da sanin inda ake latsawa. Da irin wayarsa ake shiga shafin IReV na INEC, a duba hoton takardar sakamakon rumfa, a gwada da abin da aka ƙirga a gaban jama'a.

Nauyin da ke kan mai caji ya fi bayyana ranar tashin hankali. A Fabrairun 2021, saɓanin mutum biyu a Kasuwar Sasa ta Ibadan ya zama rikicin da ya ci rayuka da shaguna, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar. A irin wannan rana jita-jita kan riga gaskiya isa zaurukan WhatsApp. Mai caji nagari ba ya tura bidiyo sai ya tabbatar da inda aka ɗauka da ranar. In an kama wani ba bisa ƙa'ida ba, mai caji ya rubuta lokacin da wurin, ya miƙa wa shugabannin kasuwa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Don haka amana ce ainihin jarinsa, domin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da hotuna da sirrin mutane duk suna ratsa hannunsa. Ya kamata shugabannin kasuwa da masu unguwar Sabo su tara waɗannan matasa, a koya musu tantance labari da tsare bayanan jama'a tun kafin wani zaɓen ya ƙarato.