Wa Ya Cancanci Shiga Shirin SIWES?

SIWES shiri ne na gwamnatin tarayya da ke fitar da ɗalibi daga aji na wasu watanni, ya je ya ga yadda ake aikin da yake karantawa. Ɗalibai sun fi kiransa da IT. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, shi ya ƙirƙiro shirin a 1973, bayan masana'antu sun yi ta kukan cewa masu digiri na zuwa musu da ilimin takarda, hannu kuwa bai san aiki ba.

Sharaɗi na farko shi ne fannin karatu. An tanadi shirin ne domin masu karanta injiniyanci, aikin gona, kimiyya, fasaha, tsarin gine-gine da muhalli, da masu koyon malantar sana'o'in hannu. Dole kuma kwas ɗin ya samu amincewar hukumar da ke kula da makarantar: NUC ga jami'o'i, NBTE ga foliteknik, NCCE ga kwalejojin ilimi.

Sai matakin karatu. A yawancin jami'o'i ɗalibi kan fita ne a aji uku idan kwas ɗinsa na shekara huɗu ne, ko a aji huɗu idan na shekara biyar ne, ya yi wata 6. Ɗan foliteknik kan yi wata 4 bayan shekarar farko ta difloma. Makaranta ce ke aika sunaye, don haka wanda sunansa bai shiga jerin ba, ko ya yi aikin, ba a san da shi ba.

Sharaɗin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne wurin aikin. Ƙa'ida ita ce wurin ya dace da abin da ɗalibi ke karantawa. A nan ne 'ya'yan Yawuri, Ngaski da Shanga da ke karatu a Birnin Kebbi, Aliero ko Zuru ke da gata a bakin ƙofa. Tashar wutar lantarki ta Kainji, wadda aka gama gina madatsarta a 1968, makaranta ce sukutum ga mai karanta injiniyan lantarki. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, kuma ɗan masunci daga Yelwa ko Wara da ke karanta kiwon kifi zai isa can da sanin ruwa da ba a koyarwa a aji. Mai karanta aikin gona kuwa ga fadamun shinkafa da albasa a gefen kogin Kwara. Abin takaici ne a bar wannan duka a je a zauna a ofis ana jiran sa hannu kawai.

Kowane ɗalibi na riƙe da littafin da yake rubuta aikin kullum, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu, malami daga makaranta ya zo duba shi. A ƙarshe ya miƙa rahoto, a ba shi maki da ke shiga sakamakonsa. Alawus ɗin da aka daɗe ana biya naira 2,500 ne a wata, kuɗin da a yau ko na mota ba zai isa ba, kuma ya kamata a sake duba shi.