Ko Ka Sani? Injin Lantarkin da Ke Kwance Cikin Fetur

Ko ka san cewa a yawancin motocin da ke yawo a titunanmu yau akwai ɗan injin lantarki nutse tsundum cikin tankin fetur, yana juyawa, har da ɗan tartsatsi a cikinsa, amma motar ba ta kama da wuta? Shi ne famfon mai. Duk wanda ya fara jin haka zai ce ganganci ne. To amma wuta ba ta ci sai da iska. Tururin fetur yana kamawa ne idan ya kai kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da ya gauraya da ita, a rufaffen tanki kuwa tururin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka buɗe tankin a gareji, tururi ya fito ya tarar da iskar waje, ga mai walda yana aiki a gefe.

A da ba a cikin tanki famfon yake ba. Fijo 504 irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975 kafireta gare ta, famfonta yana manne a jikin inji, motsin injin ne ke sa shi zuƙo mai daga baya. A ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi, ƙarfinsa bai kai 10 ba. Da injekta ta zo, sai aka buƙaci 40 zuwa 60, domin feshin mai ake yi. Famfo ya fi iya turawa a kan zuƙowa, kuma fetur ɗin da ake zuƙowa daga nesa cikin zafin rana yakan zama tururi a hanya, mota ta shaƙe. Shi ya sa aka mayar da shi cikin tanki. Man da ke bi ta cikinsa shi ke sanyaya shi, shi ke hana shi gogewa.

Nan ne halinmu na yanzu ya shigo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direbobi da yawa lita uku ko huɗu suke sha, fitilar rizab ta zama abokiyar tafiya. Idan mai ya yi ƙasa sosai, a kwana ko a hawa famfo yakan shaƙi iska ya yi ta juyawa a bushe. Ga kuma man jarka na 'yan bumburutu, wani da yashi, wani da ruwa, yana toshe 'yar ragar da ke bakin famfon. Famfon da ke fama da toshewa yakan yi ƙara mai tsini, mota ta riƙa ja baya idan an taka totur.

Sai dai ba kowace mota da ta ƙi tashi ce famfonta ya mutu ba, kuma a ganina nan ake gane makanike na ƙwarai. Shi ba ya fara da cewa a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka a sayo sabo. Zai ce ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ya kasa kunne wajen kujerar baya. Lafiyayyen famfo yana yin gunaguni na kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. In bai ji komai ba, sai ya duba fiyus da rile, sannan ya gwada ko wuta na isowa soket ɗin da ke saman tanki. Sau da yawa waya ce ta ci wuta ko ta yi tsatsa. Idan wuta na zuwa amma famfo shiru, akan bubbuga ƙasan tankin yayin da wani ke murɗa makulli. Ta tashi? To gawayin da ke cikin injin famfon ya cinye, zai kai ka gida amma kada ka ɗauki hanyar Abuja da shi.

A jikin wannan famfo akwai wani abu da ba ruwansa da tura mai, wato na'urar da ke gaya wa allurar gej yawan man da ya rage. Ɗan abu ne mai yawo a saman fetur, irin ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin saman gida, an ɗaura shi a kan siririyar waya. Yayin da yake hawa da sauka, ɗaya bakin wayar yana goga wani ɗan faranti mai layi-layi, ƙarfin wutar da ke zuwa gej yana canzawa. Idan ka cika tanki, man yana danne shi a can sama, sai an sha lita da dama kafin ya fara sauka, shi ya sa allura ke daɗewa a sama sannan ta gangaro da sauri. Layukan farantin suna gogewa ko su yi datti, allura ta riƙa tsalle. Kuma kowane kamfani da nasa lissafin, don haka wanda aka ciro daga wata irin mota yana iya zama daram a tankinka amma ya riƙa yi maka ƙarya, wani ma ya nuna cike alhali babu ko ɗigo.

Abin da aka fi rainawa shi ne tiyo. Daga saman tanki akwai mai kai fetur inji, a motoci da yawa akwai mai dawo da ragowa, sai na tururi. Wanda ya musanya na kaiwa da na dawowa zai ji famfo na aiki amma mota ba za ta tashi ba. Akwai kuma wani guntun tiyo a cikin tankin kansa, tsakanin famfo da murfi. Tiyon mai na yau da kullum cikinsa kaɗai aka yi don jure fetur, bayansa iska ya sani. In aka tsoma shi cikin tanki sai ya kumbura, ya yi laushi, ya tsage, famfo ya riƙa feso mai yana komawa inda ya fito. Alamunsa iri ɗaya ne da na mataccen famfo, an sha sayen sabo a banza saboda shi. Tiyon da ya dace da cikin tanki za ka ga an buga SAE 30R10 a jikinsa. Mai 30R9 na waje ne a motar injekta, 30R7 kuwa na masu kafireta ne.