Fasahar Da Dillalin Farin Gada Zai Yarda Da Ita

Tun da asuba, kafin sanyin Jos ya saki jama'a, motoci ke sauke kayan gwari a kasuwar Farin Gada: kabeji da karas da tumatir, da buhunan dankalin turawa daga Bokkos da Mangu. Kaya ne masu saurin lalacewa, cinikinsu kuma na gaggawa. Dillalin da ya tsaya jiran manhaja ta samu sabis, kwandon tumatirinsa ne zai kwana, gobe ya karyar da shi. A irin wannan wuri ake gane ko shirin fasahar da aka tsara wa ƙananan 'yan kasuwa ya san mutanen da aka yi shi dominsu.

A ranar 25 ga Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira a fadar shugaban ƙasa, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, na farko irinsa a Afirka. Amma binciken ma'aikatan Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2023 ya nuna cewa a kowane mako, kusan kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe babu mai taɓa su. Dalilin a fili yake. Da farko sai mai asusun banki da babbar waya ke iya shiga, shi kuwa dama yana tura kuɗi ta bankinsa. To, wane sabon abu aka kawo masa?

Sai ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Ba tare da wani biki ba, 'yan kasuwa suka koma ga na'urorin POS na irin su Moniepoint da OPay. Abin da suka samu ƙanƙani ne a ido, amma shi ne damuwarsu: kuɗi ya shigo nan take, a gani kafin a ɗora kaya, a tsira daga alat ɗin bogi, in na'ura ta tsaya kuma akwai wakili kusa da za a kira.

Jos ba ta rasa masu rubuta manhaja ba. Cibiyar nHub tana horar da matasa a garin tun 2015. Inda gizo ke saƙar shi ne takardar sharuɗɗan aiki, wadda sau da yawa a teburin wani hadimi ko darakta a nan Abuja ake rubuta ta. Takan ƙidaya mutum nawa aka horar da na'ura nawa aka raba, domin waɗannan ne ke shiga rahoton ƙarshen shekara cikin sauƙi. Ba kasafai take tambayar mutum nawa ke amfani da abin bayan wata shida ba.

Da mai rubuta ta zai kwana ɗaya a Jos, da ya ga cewa kaso mai yawa na cinikin bashi ne da amana, kuma a ƙaramin littafi ake rubuta shi. Da ya ga farashi na yawo ta saƙon murya a WhatsApp, cikin Hausa, tsakanin manomi da dillali da direban da zai kai kaya kudu. Manhajar da ta zo da Turanci zalla, tana neman nauyi a kilo, ba ta da gurbin la'adar dillali ko kuɗin ɗan dako, kuma ba ta san kwando da buhu ba, ranar rabo kawai za a buɗe ta a ɗauki hoto.