Mayun Gambaga da ba sa taɓa kowa

A Gambaga, ƙasar Mamprusi da ke arewacin Ghana, akwai wata unguwa ta ɗakunan ƙasa masu jinka inda matan da aka kora daga ƙauyukansu da sunan maita suke zaune. Ga abin ɗaure kai: matar da aka ce ta cinye kurwar jikanta a gida, a nan tana ɗibar ruwa tare da matan gari, tana sayar da itace a kasuwa, tana aikin ƙodago a gonakin mutane, kuma ba wanda yake gudunta. To ina maitar ta tafi?

Mutanen wurin suna da amsarsu. Sun ce sarkin garin, Gambarana, yana da tsafin da ke karya ƙarfin mayya. Amma a dubi yadda ake yanke hukuncin tun farko. Kaza ake yankawa a saki tana shure-shure. In ta mace a rigingine, matar ta kuɓuta. In ta kife, shi ke nan, an tabbatar mata. Wato ragowar rayuwar tsohuwa tana rataye ne a kan ɓangaren da kaza ta faɗi.

Tunda kaza ba shaida ba ce, sai a tambayi su wa ake kawowa. A Gambaga da sauran irin waɗannan unguwanni na Kukuo da Gnani da Kpatinga, galibinsu tsofaffin mata ne, da yawa mazansu sun rasu, wasu ba su da ɗa namiji mai tsaya musu. Akwai waɗanda gigin tsufa ya sa suke sambatu, sai a ce ai ga shi ta amsa da bakinta.

Sai kuma lokacin da zargin yake tashi. Yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci suna, ko wani ya yi mafarki, ko an yi rasuwa babu zato. Mai nuna yatsan kuwa yawanci na gida ne: kishiya, ɗan miji, ƙanin marigayi. Kuma da zarar ta fita, ɗakinta da gonar da mijinta ya bari suna da mai ɗauka.

A nan zaren ya warware. A Gambaga ba ta tare wa kowa gado, ba ta da kishiya, ba wanda ɗawainiyarta ta dama, shi ya sa ba wanda yake mafarkinta. Rashin gata ne ya kawo ta, kuma shi ne dukan laifinta.

Wadda ba ta samu hanyar gudu ba fa? A watan Yulin 2020, a Kafaba ta ƙasar Gonja, aka yi wa Akua Denteh, mai shekara 90, dukan kisa a bainar jama'a bayan wata bokanya ta ce mayya ce. Mutane na tsaye, wani yana ɗauka da waya. A 2023 babbar kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce kan kisan. A Yulin shekarar majalisar Ghana ta amince da ƙudurin ɗan majalisa Francis-Xavier Sosu da zai mayar da jifan mutum da maita laifi, sai shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ƙi sa hannu, bisa hujjar cewa bai halatta ƙudurin ɗan majalisa ya ɗora wa baitulmali nauyi ba. Ni dai hujjar nan ta yi mini ciwo.

A arewacin Najeriya kuwa irin wannan doka tana nan: sashe na 216 na Penal Code ya haramta kiran mutum maye, kuma duk wadda aka yi wa ƙazafin tana da ikon kai ƙara kotu.