Kare Ya Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

A Danchadi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga ƙasar Boɗinga har zuwa Shagari, da zarar an gama kaka an kai gero da dawa rumbu sai a kwance awaki da tumaki daga turke, su bazu cikin gonaki suna kalar karmami da harawar da ta zube. Kaji da zabbi kuwa dama ba su san ɗauri ba. A wannan tsakanin ne ake yawan jin kuka iri ɗaya: an wayi gari an tsinci ɗan akuya a bayan gari an farke masa ciki, ko kaza ta fita da 'yan tsakinta ta dawo da rabi. Shaho da muzuru suna da nasu kason, amma wanda ya iya duba sawu a rairayi ya san mai aikin. Kare ne, kuma sau da yawa ba baƙo ba ne, karen gidan wane ne da kowa ya sani.

Wanda bai san zaman karkara ba zai ce don ɗan akuya guda ake wannan surutu? To, sai a tambayi mai shi. A gidajenmu ƙananan dabbobi yawanci na mata ne. Akuya ita ce bankin mace: da ita ake zubin adashi, da ita ake sayen maganin yaro, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya tun tana ƙarama. Kuma ba kowace akuya ba ce, jar akuyar Sakkwato ce, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetara Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa hannunsu, wadda a Maraɗi aka kafa cibiya ta musamman domin kiwonta. Wata biyar take yi da ciki, kuma ta saba haifar tagwaye. Matar da ta yi wata biyar tana ba ta dusa da ruwan tsari, ta rasa 'ya'yan a dare ɗaya, ba ƙaramar asara ta yi ba. Mai karen kuwa ko sisi bai fita daga aljihunsa ba.

Masu ajiye kare a yankin nan yawanci kashi uku ne: mafarauta, makiyaya, da masu neman gadi, musamman yanzu da satar dabbobi ta hana mutane barci. Duk hujjoji ne masu kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo bayan ajiyewar. Yaro ya ɗauko ɗan kwikwiyo don sha'awa, ana ba shi kunu da ƙanzo, ya girma sha'awar ta ƙare, sai a bar shi ya nemi na kansa a juji da kwata. Mafarauci ya ji da karnukansa lokacin rani, damina ta faɗi ya koma gona ya manta da su. Karya kuma wata biyu kacal take yi da ciki, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, ba wanda ya shirya wa 'ya'yan. Kare mai yunwa da ba a ɗaure ba, da dare zai haɗu da 'yan uwansa, kuma abin da guda ɗaya ba zai kuskura ba, huɗu za su yi shi cikin sauƙi.

Kada kuma a ɗauka yunwa ce kaɗai. Bin abin da ke gudu halittar kare ce, ko ƙoshi yake yi. Ɗan akuya ya zabura, kare ya rufa masa baya, ya cafki wuya ko cinya ya girgiza. Girgizar nan ita ce kisan. A waje za ka ga 'yan huji biyu ko huɗu kamar ba komai, amma a ƙarƙashin fata nama ya yayyage, wani lokaci ƙashin wuya ko haƙarƙari ya karye. Shi ya sa dabbar da aka ƙwace daga bakin kare tana tafiya da ƙafarta takan kumbura bayan kwana biyu ko uku, raunin ya yi ruwa, ta mutu. Tunkiya mai ciki ma ba sai haƙori ya taɓa ta ba. Gudu da firgita kaɗai suna iya sa ta ɓari. In karnuka suka faɗa akurki ko garken da ba hanyar tsira, sukan kashe fiye da abin da za su ci. Kuma karen da ya ɗanɗana sau ɗaya, da wuya ya daina.

Ko naman ma sau da yawa ba a mora. Suratul Ma'ida ta haramta abin da naman dawa ya ci sai in an riske shi da rai an yanka, kuma a mazhabar Malikiyya, in an riga an huda makasar dabba, kamar a tsinke lakarta ko a zubar da hanjinta, yanka ba ya halatta ta. Ta zama mushe ke nan, sai jefarwa.

Je ka gaya wa mai kare, amsar ba ta wuce biyu. Ko ya ce, “Wanga kare ba nawa na ba, zuwa dai yakai gidan,” ko ya ce, “To dabba ta, mi za ni yi mata?” Mai akuya kuwa, musamman in bazawara ce ko tsohuwa, kunya da zaman maƙwabtaka sukan rufe mata baki, ta ce Allah ya mayar da alheri, a bar kaza cikin gashinta. Haƙuri abu ne mai kyau, amma irin wannan haƙurin shi ke koya wa mai kare cewa sakaci ba shi da farashi.

Abin mamaki, a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi ya zauna a Boɗinga, ba sai an je nesa neman hukuncin wannan al'amari ba, yana cikin littattafan da ake karantawa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana ajiye kare a gida sai don gona, ko kiwo, ko farauta, daidai da hadisin da ya ce wanda ya ajiye shi ba don waɗannan ba ana rage masa lada kullum. Muwaɗɗa ta kawo labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, amma abin da dabbobi suka ɓata da dare masu su ne za su biya. Mukhtasar na Khalil kuma ya ambaci mai kare mai cizo wanda aka riga aka gargaɗe shi, ya ɗora masa alhakin abin da karen ya aikata. A lura da wannan sharaɗin na gargaɗi. Ma'anarsa, shirun da ake yi don kawaici yana raunana haƙƙin wanda za a yi wa ɓarna gobe. Gara a faɗa, a gaban shaidu, tun karo na farko. Turawa ma da suka fi kowa shagwaɓa kare ba su yi wasa da wannan ba: tun 1953 Ingila ke da dokar da ta mai da shi laifi karenka ya kori ko ya ciji dabbobin wani a makiyaya.

Akwai kuma abin da ya fi asarar dukiya. Karen da bai saba ba, ya tashi rana tsaka yana cizon awaki, kaji, itace, duk abin da ya gani, yawu na dalala, muryarsa ta sauya, wannan ba mafarauci ba ne, mai yiwuwa ya haukace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wa ke kora awaki kiwo a ƙauyukanmu? Wa ke rugawa da kara ya raba kare da ɗan akuya? Yaran nan ne. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, lokacin rauni ya warke kowa ya manta. In alamu suka fito, tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Awaki da tumaki da shanu su ma suna kamuwa.

Saboda haka wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allurar rigakafi, kada a tsaya shafa toka ko ɗaura gashin karen. Karen kuma, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a sanar da malamin dabbobi. Allurar karnuka ba baƙon abu ba ce a Nijeriya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tana da asibitin koyarwa na dabbobi. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara aka keɓe domin tunatar da duniya wannan.

Wata ɓarnar ma ba ta da hayaniya. Mahauci ya yanka tunkiya ya ga ƙunshin ruwa a hanta ko huhu, ya yanke ya jefa wa kare. Ƙunshin nan ya zama tsutsa a hanjin karen, ƙwanta ya fita cikin kashinsa ya zube a ciyawa, wata dabbar ta ci, abu ya sake zagayowa. Wani nau'in a ƙwaƙwalwa yake zama, shi ke sa tunkiya ta yi ta juyi wuri ɗaya har ta faɗi. Mutum ma yana ɗauka. Binne irin wannan kayan ciki ko ƙona shi ya isa ya yanke zaren.

Idan haƙuri ya ƙare, abin da wasu ke yi shi ne su barbaɗa maganin ɓera ko na feshi a nama su ajiye a hanya. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Guba ba ta san mai laifi ba: kyanwa za ta ci, kaji za su tsattsaga, karen makiyayin da bai taɓa ɓarna ba zai mutu, yaro mai rarrafe na iya kaiwa baki. Angulu ma da ta ci gawar ta tafi, alhali ita dama ta yi ƙaranci, har an sa irin tamu cikin tsuntsaye masu dab da ƙarewa tun 2015. A Indiya, da angulaye suka kusa ƙarewa a shekarun 1990 sanadin wani maganin shanu, mushen da suka bari ya zama abincin karnuka, karnukan titi suka ƙaru. Kuma muddin juji da kwata suna nan a buɗe, in an kashe waɗannan wasu za su maye gurbinsu. Addinin da ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa bai yarda a azabtar da dabba kan sakacin mai ita ba.

Abin da ake nema a wurin mai kare bai fi ƙarfinsa ba. Ya ciyar da shi kullum, ko da ragowar tuwo da dusa ne, ya ajiye masa ruwa da inuwa. Ya tsare shi cikin gida ko garke, in za a fita farauta ko kiwo ya kasance tare da mai shi. Ya raine shi cikin awaki da kaji tun yana kwikwiyo, yadda makiyaya ke yi, don karen da ya tashi da garke shi ke kare garke. Ya yi masa allura daga wata uku, ya sabunta kowace shekara, ya ba shi maganin tsutsa, in ba ya son 'ya'ya ya kai a fiɗiye. Masu awaki su ma su riƙa shigar da ƙanana da magariba, su toshe kafar darni.

Saura kuma aikin mai unguwa da hakimi ne. Ba sai an jira doka daga Abuja ba kafin a san karnuka nawa ne a unguwa da sunan mai kowanne, a kira malamin dabbobi ya zo rana ɗaya a tara su a yi musu allura, a kuma sanar a masallaci bayan Juma'a cewa duk wanda karensa ya kashe dabbar wani bayan an gargaɗe shi, za a kira dillalan kasuwa su yi mata kuɗi ya biya.