Wa Ke da Iko da Hoto? Nazari a kan Ayyukan Muholi da Archibald

A wannan takarda muna so mu duba yadda matsayin wanda ake ɗauka hoto ya sauya, musamman ga mutanen da aka daɗe ana kallonsu da idon likita, watau masu son jinsinsu da kuma masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

Tun cikin shekarun 1850 wani likitan Ingila, Hugh Welch Diamond, ya riƙa ɗaukar hotunan matan da ke asibitin masu taɓin hankali na Surrey, da nufin gane ciwo daga fuska. A irin wannan hoto mutum misalin cuta ne kawai. Mu tuna kuma sai a 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka.

Timothy Archibald, Ba'amurke, ya bi wata hanya dabam a littafinsa Echolilia na 2010. Ɗansa mai otizim ya ɗauka, amma yaron na da ta cewa: sau da yawa shi ke kawo shawarar abin da zai yi, uban ya saita na'ura. Duk da haka, a ganinmu, akwai sauran magana, domin yardar ƙaramin yaro ga mahaifinsa ba daidai take da yardar baligi ba.

Aikin Zanele Muholi na Afirka ta Kudu, mai suna Faces and Phases, ya fi zurfi ta wannan fuska. An fara shi a 2006, shekarar da ƙasar ta halatta auren jinsi ɗaya, alhali kuwa ana ci gaba da yi wa baƙaƙen mata masu son mata fyaɗe da kisa. Hotunan baƙi da fari ne, ba ado, kowace tana duban mai kallo ido cikin ido. A wurin Muholi waɗannan mutane mahalarta ne, shi ya sa ake rubuta sunan kowa da wuri da shekara, a kan kuma koma a sake ɗaukarsu bayan wasu shekaru. Bayyana suna a irin wannan hali kasada ce babba, sun kuwa yarda da ita da saninsu. A 2012 aka fasa gidan Muholi a Cape Town, aka kwashe na'urorin ajiya fiye da 20 masu ɗauke da aikin shekara biyar, aka bar sauran kaya masu tsada.