Zamani Riga: Adon Bango da Yadda Masu Zane Ke Tallata Aikinsu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna cewa zane da ado su ma suna sanya rigar zamaninsu. Abubuwa uku ke sauya su: aƙidar jama'a, kayan aikin da ke hannu, da kuma wanda ke biyan ladan aikin. Duk sa'ad da waɗannan suka sauya, hanyar da mai zane ke bi a san da shi ita ma sai ta sauya. Zan fi ba da misali da Zariya da Kano.

Zamanin Daular Usmaniyya

Bayan jihadin 1804, sarakuna da manyan malamai ne iyayen gidan masu fasaha. Da yake malamai sun ƙi zana siffar abu mai rai, sai gwanaye suka mayar da hankali ga dagi da layuka masu sarƙa da juna, irin waɗanda muke gani a allon zayyana da kuma aikin riga kamar aska takwas. A gini, adon ya fi yawa daga ciki: a soron sarki, a jikin bakan gizo da ginshiƙan masallaci. Kayan aikin na gida ne, wato tubali da azara da farar ƙasa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Malam Mika'ilu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846). A wancan lokaci magini ba ya sa hannu a aikinsa, ba ya kuma yin talla. Sarauta ce tallarsa. Idan sarki ya yaba, ya ba shi muƙami irin na Sarkin Magina, sai sunansa ya kai wasu garuruwa ta bakin fatake da manzanni, 'ya'yansa kuma su gaji sana'ar da sunan. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya.

Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa da auduga ya haifar da sababbin attajirai, waɗanda ba 'yan sarauta ba ne amma suna da kuɗi, suna kuma son a san da haka. A hannunsu ne ado ya fito daga cikin soro ya hau fuskar zaure, inda duk mai wucewa zai gani. Haka kuma abubuwan da ake zanawa suka ƙaru. Kusa da dagi da takobi sai ga keke da agogo da mota, har da jirgin sama, wanda ya fara sauka a Kano a 1925. Daga baya siminti da fenti suka shigo, aka koma karce zane a kan shafen siminti ana cika shi da launuka.

A wannan zamani bango da kansa ya zama talla, domin gani ya kori ji. Wanda ya ga zauren maƙwabcinsa ya burge shi, sai ya tambayi wa ya yi, ya aika a kira shi. Dagin nan na magina da maɗinka shi ne gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta, abin da muke kira dagin Arewa.

Zamanin makaranta da baje koli

Gab da samun 'yancin kai an sami wani irin mai zane dabam, wanda ya koyi sana'ar a aji. A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun Turawa da fasahar gargajiya ta kowace ƙabila, maimakon kwaikwayon Turai zalla. Alal misali, Uche Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo. Su waɗannan suna sa hannu a aikinsu, suna kai shi zauren baje koli, jaridu su yi sharhi, masu saye su taya.

Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, ta nuna abin da sabuwar hanyar ke iya yi. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954. An baje tukwanenta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta na bayan takardar Naira 20. Mata da yawa sun iya irin aikinta, amma ita ce ta sami hanyar da ta kai sunanta duniya.

Daga jikin mota zuwa wayar hannu

A lokacin da nake aikin gwamnati, yawon rangadi ya nuna mini wani rukuni da ba a cika ambata ba: masu zanen jikin manyan motoci da allunan shaguna, sannan daga shekarun 1980 masu zanen bangon littattafan adabin kasuwar Kano. Su sukan rubuta laƙabinsu da sunan garinsu a gefen zanen, motar ta yi musu talla daga tasha zuwa tasha. A yau kuwa matashi mai zane yana ɗaukar hoton aikinsa ya sa a Facebook ko Instagram, mai saye ya tuntuɓe shi ta WhatsApp ko da daga wata ƙasa.

Kammalawa

Abin lura shi ne, wanda zamaninsa ya ba shi damar rubuta sunansa, tarihi ya riƙe shi. Magina masu adon zaure ba su sami wannan dama ba, ga shi kuma bulo da kwanon rufi suna cinye tsofaffin gidajen ƙasa, damina na ƙarasa sauran. Ko masallacin Babban Gwani, a shekarun 1970 sabon gini na siminti ya lulluɓe abin da ya rage daga cikinsa. Saboda haka ina kira ga malaman makaranta da su fita da ɗalibansu cikin unguwa, da izinin masu gida, su ɗauki hoton duk zauren da ke da ado, su rubuta shekarar ginin da sunan zanen da sunan maginin. Dattawa kuma su taimaka da abin da suka sani, domin sunayen nan a bakinsu kawai suka rage.